Layin da Na Ɓoye Ban Goge Ba

Litinin, 3 ga wata, 11:20 na safe

Da gaggawa nake wannan rubutun. Ban sani ba ko gobe zan iya karanta abin da nake rubutawa.

Malam Ƙididdiga, maƙwabcin ofishina, ya shigo ba ko sallama, rungume da kwamfutarsa. Mutumin da shekara tara ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba. Ya tura ƙofa ta rufe, ya ce, "Dokta, fayil ɗinki na matan kamfanin ɗinki, wanda kika ɗora a rumbun bayanai na intanet. Na sauke shi zan koyar da shi gobe. Dubi saman jadawalin nan."

Na duba. Layin A, sai layin C.

"Ina B?" in ji shi.

Ya ja da yatsa, B ta buɗe. Sunaye ne. Arba'in da ɗaya, cikakku, kowace mace da sunanta daf da abin da ta faɗa mini: ƙofar baya da ake datsewa da kwaɗo tun safe har tashi don kada wata ta fita da ƙyalle, katin zuwa banɗaki guda ɗaya ga mata saba'in, ranar da waya ta yi tartsatsi kowa ta ruga ta tarar da ƙofar a kulle. Duk suna nan. Ni na zauna da su bara, Lahadi bayan Lahadi, na ba kowace takarda ta sa hannu, na rantse mata lamba za ta maye gurbin sunanta.

Na tuna ranar da na yi shi. Ɗalibai na ta shige da fice a ofis, sai na ɓoye layin don kada ido ya kai, da niyyar in goge shi kafin in ɗora. Na ɓoye, ban goge ba. Shi ke nan abin da ya faru.

Na ce, "Malam, wa ka faɗa wa?"

Ya ce, "Ke kaɗai. Amma ba ni kaɗai na sauke ba."

A gefen shafin akwai wata 'yar lamba mai nuna sau nawa aka sauke fayil. Kullum sai na leƙa ta kamar mai kiwon kaji tana ƙirga ƙwai. Yau 58.

Litinin, 3 ga wata, 2:05 na rana

Na goge layin, na ɗora sabon fayil. Na sha ruwa. Na ce wa kaina an kashe wutar tun tana ƙarama.

Abin da ke cin raina shi ne bitar nan. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce na tsaya gaban mutum sittin, malamai da ɗalibai da ma wasu daga waje da ban sani ba, na raba musu takardata da kowa ya san ni da ita: Shafuka Ashirin da Ɗaya Masu Amfani ga Mai Binciken Al'umma. Inda ake neman muƙalu kyauta, inda ake samun alƙaluman ƙidayar jama'a, manhajar tattara amsoshi a waya, mai mayar da murya rubutu, mai jera madogara. Saboda takardar nan ɗalibai ke kirana Malama Rumbu, ni kuwa ina jin daɗin sunan. Da na zo kan rumbun bayanai, na haska nawa fayil a majigi, na ce, "Ku sauke nawa ku gwada hannu, kada ku ji kunya." Har tafi aka yi mini.

Talata, 4 ga wata, 8:10 na safe

Innalillahi. Tsohon yana nan.

Rumbun ba ya goge komai. In ka ɗora sabo, sai ya ajiye tsohon a ƙasa da sunan "fitowa ta farko", kowa na iya dannawa. Wannan halin nasa ne na fi yabawa a bita. Na ce musu, "A nan ba mai iya share sawunsa, shi ya sa na amince da shi." Da bakina na faɗa.

Na aika musu imel. Cikin minti ɗaya amsa ta dawo, irin wadda inji ke bayarwa: sun gode, saƙona yana da muhimmanci, za su duba cikin kwanakin aiki biyar. Na sake aikawa da manyan baƙaƙe. Injin ya sake yi mini godiya.

Laraba, 5 ga wata, 7:30 na safe

61. Su waye ukun nan?

Alhamis, 6 ga wata, 1:15 na rana

Na je wurin Shugaban Sashe. Ya saurare ni yana juya cokali a kofin shayi, bai sha ba, bai daina juyawa ba.

"Dokta, wa ke buɗe ɓoyayyen layi in ba irin su Malam Ƙididdiga ba? Mutane ko muƙalar ma ba sa karantawa, balle jadawali. Ki bari a cire shi shiru. In kika kai wa kwamitin ɗa'ar bincike, kin san ba ke kaɗai za a taɓa ba, sashen ne gaba ɗaya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, matan fa? Ba sai an sanar da su ba?"

"Ki tayar musu da hankali kan abin da bai faru ba?"

Na fito ina jin sanyi a raina, kuma wannan sanyin shi ne abin kunyar. Na je ne ina neman wanda zai ce mini in yi shiru, na kuwa samu.

Ba zan rubuta wace ce lamba 23 ba.

Asabar, 8 ga wata, 5:40 na yamma

Na je gidan Yaya da niyyar faɗa mata. Na dawo da maganata a ciki.

Ita ta riƙe ni bayan rasuwar Inna. Shekara goma sha tara tana ɗinka aljihu a kamfanin nan, aljihu kawai, har takan ce in ta mutu aka tambaye ta me ta yi a duniya za ta ce ta yi wa mutane wurin sa hannu. A ɗakinta na yi hirarrakin nan duka. Ita ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Ƙanwata ce, cikinta rijiya ne, abin da ya faɗa ba ya fitowa."

Na tarar tana guga. Ta dube ni ta ce, "'Yar boko, me ya ci miki fuska haka? Ko kwamfutar ce ta yi miki yaji?"

Na yi dariya. Wallahi na yi dariya.

Can tana ninke riga ta ce jiya an kira mata biyu ofishin manaja, Mai Yanka da Ƙaramar Mai Maɓalli. An tambaye su ko sun taɓa yi wa wani na waje maganar ƙofar baya. Ta faɗe shi ne kamar labarin hanya, ta wuce zuwa zancen ciwon gwiwarta. Na ce wataƙila dacewa ce kawai. Duk hanyar gida ina maimaitawa, dacewa ce, dacewa ce, har mai motar haya ya waigo ya ce, "Hajiya, da ni kike?"

Litinin, 10 ga wata, 9:00 na safe

Na shiga aji na koyar da yadda ake kare sirrin wanda aka yi hira da shi. Yana cikin manhajar zangon, ba yadda zan yi. Wata ɗaliba ta rubuta duk abin da na faɗa.

Talata, 11 ga wata, 6:20 na yamma

Yaya ta kira bayan tashi daga aiki. Muryarta ba irin ta Asabar ba ce.

Jiya an kira uku, yau biyu. Ta jero mini su. An sallami biyu daga ciki, sauran an sa su sa hannu cewa ba a taɓa kulle ƙofa ba. Tana magana ina rubuta sunayen a bayan ambulan, don hannuna ya sami abin yi. Da ta kashe waya na dubi ambulan ɗin, sai na ga kamar na san jerin nan. Na buɗe fayil.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai.

Bi da bi. Ba tsallake ko ɗaya. Ba bisa teburin aiki ba, ba bisa shekaru ba, bisa yadda suka riƙa zuwa ɗakin Yaya bara. Duk duniya ba inda jerin nan yake sai a jadawalina. Wani yana zaune a ofis ya ɗora yatsa a kan layin B yana gangarowa.

Na zauna a ƙasan kicin. Maigidana ya shigo ya same ni a wurin, ya ce, "Lafiya? Kujerun gidan nan sun yi miki laifi ne?" Da ya ga fuskata ya bar wasan. Na faɗa masa. Ya ce, "Yaya ta sani?" Na girgiza kai. Ya ce, "To ni ba ni ne farkon wanda ya kamata ya ji ba."

Laraba, 12 ga wata, 10:45 na safe

Rumbun sun amsa, mutum ne wannan karon, wata mata mai ladabi. Sun cire fitowa ta farko, sun ba ni haƙuri. Ihu bayan hari.

Na roƙe ta ta gaya mini su waye suka sauke. Ta ce ba za su iya ba, ƙa'idarsu ce su kare sirrin masu amfani da rumbun. Na karanta jimlar sau uku. Gaskiyarta. Su sun riƙe amanar mutanensu.

Ina ta tuno fuskokin ranar bita. Akwai wani a layin baya mai jar jaka da ya tambaye ni ko kamfanin na nan garin ne, na ce ba zan faɗa ba, ina murmushi irin na wadda ta san aikinta. Shi ne? Ko wani ne ya tura wa wani? Ba zan taɓa sani ba, kuma sanin ba zai mayar da kowa bakin kekenta ba.

Alhamis, 13 ga wata, 7:10 na yamma

Takwas, tara, goma jiya. Sha ɗaya, sha biyu, sha uku yau. Tun kafin Yaya ta faɗi suna a waya nake faɗinsa a zuciyata.

Yanzu matan sun sami wadda za su ɗora wa. Doguwa, mai ɗinkin kwala. Ta zo ɗakin Yaya sau ɗaya bara, ta zauna a bakin ƙofa ta ji hirar wasu, da na miƙa mata takarda ta ce, "A'a, Malama, magana zarar bunu ce," ta tashi ta tafi. A ranar na ji haushinta. Yanzu sun ce ita ta kai sunaye ofis, don ita ce ta ga masu zuwa kuma ba ta ce komai ba. Ba mai zama kusa da ita lokacin cin abinci. Wata ta zuba mata ruwa a jaka.

Yaya ta ce, "Har akwai masu cewa ko ke ce. Na ce duk wadda ta sake sa sunanki a bakinta za ta gamu da ni. Da idona na ga takardar da kika rubuta, lamba ce ba suna ba. Ko ba haka ba?"

Na ce, "Yaya, layin ba ya da kyau, ba na jin ki sosai."

Ina jin ta sarai.

Juma'a, 14 ga wata, 6:50 na safe

Uku a rana. Yau 14, 15, 16. Litinin 17, 18, 19. Talata 20, 21, 22.

Laraba 23. Yaya ce 23. To, na rubuta.

Kuma ita ta fi kowa faɗin magana mai nauyi, don a ɗakinta take, kuma da ƙanwarta take magana.

Juma'a, 14 ga wata, 3:30 na rana

Na kai wa kwamitin ɗa'a rahoto, shafi biyu, da sa hannuna. Na haɗu da Shugaban Sashe a matakala ya ɗauke kai. Malam Ƙididdiga ya ajiye mini lemo a tebur ya fita. Abin da za su yi mini su yi. Na lura ko tsoronsa ba na ji, duk tsorona ya tattara a wuri ɗaya.

Lahadi, 16 ga wata, 4:15 na yamma

Na faɗa mata.

Tana zaune bakin gado tana warware wani ɗinki. Ban zauna a kujera ba, na durƙusa. Na fara da rumbu, da mujalla da ta ce sai an ɗora bayanai kowa ya gani, da fitowa ta farko. Ta katse ni.

"Bar turancin nan. Sunayenmu sun fita?"

"Sun fita, Yaya."

"Daga hannunki?"

"Daga hannuna."

"Yaushe kika sani?"

Nan ne na so ƙasa ta tsage. Na ce ranar uku ga wata.

Ta ƙirga da yatsu. "Kwana goma sha uku. Kin zo nan kin sha ruwana kin yi dariya. Na zagi mutane saboda ke." Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta mare ni. Ta ci gaba da jan zare har ya ƙare, ta naɗe shi a yatsa.

Sai ta ce, "Kin ce bi da bi ake kira. Gobe su wa?"

Na faɗa mata.

"Jibi?"

Na faɗa mata.

"Ni fa?"

"Laraba."

Ta gyaɗa kai kamar an faɗa mata ranar zuwa asibiti. Na ce zan nemo lauya, zan je ofishin ƙwadago, zan rubuta duk inda ake rubutawa. Ta ce, "Ki yi duk wannan, amma ba shi ne na farko ba. Gobe ƙarfe bakwai ki zo bakin ƙofar kamfani. Ki tsaya ki faɗa musu da bakinki. Kwana biyar ke nan ba wadda ta amsa gaisuwar Doguwa, yarinya mai goyo. Ba a waya ba, ba a takarda ba. Da bakinki."

Litinin, 17 ga wata, 9:30 na safe

Na yi magana gaban ɗaruruwan mutane a manyan zauruka, ban taɓa jin harshena ya yi nauyi kamar yau ba.

Yaya ta tara su a gefen katanga, wajen mai sayar da ruwa. Sun kai talatin, da jakunkunansu da kwanukan abincin rana. Na ce ni ce. Na ce ba Doguwa ba ce, ba kowa ba ce, ni na bar sunayensu a inda bai kamata ba, kuma na sani tun mako biyu na yi shiru.

Sai Mai Yanka, wadda aka sallama amma ta zo don Yaya ta kira ta, ta ce, "Malama, ba ke kika ce mana injin ma ba zai san mu ba?" Wata ta ce, "Allah ya isa." Wata ta ja ta. Doguwa na can baya da goyonta, ba ta dube ni ba, su ta duba, ɗaya bayan ɗaya, har suka sunkuyar da kai.

Yaya ta ce in karanto jerin. Na karanto daga 17 har 41, kowace ta ji ranarta. Wata dattijuwa, lamba 38, ta ce, "To, ni ina da sauran kwana tara, bari in ƙarasa wandunan mutane." Aka yi 'yar dariya marar daɗi. Ƙararrawa ta buga suka shige. Ba wadda ta yi mini sallama.

Talata, 18 ga wata, 6:00 na yamma

20, 21, 22. An sallami 21. Na je ofishin ƙwadago, an ce in dawo da kwafi uku.

Laraba, 19 ga wata, 5:50 na yamma

Tun ƙarfe goma nake tsaye tsallaken titi, gaban shagon mai faci. Ba ta ce in zo ba. Ƙarfe ɗaya saura ta fito ita kaɗai, da jakarta a kafaɗa da baƙar leda a hannu. Wanda ya fito ƙarfe ɗaya saura ba sai an tambaye shi ba.

Ta gan ni, ta tsallako. Ta miƙo mini ledar ta ce, "Riƙe," ta gyara ɗankwali. Muka nufi tasha.

Ta ce manaja ya ajiye takarda biyu. Ɗaya ta sa hannu cewa ƙarya aka yi musu, ta koma bakin kekenta. Ɗayar kuma maganarta ce, an buga, an ja mata layi da jan biro. Ya karanta mata: "Ranar da wuta ta tashi a nan, mu ne kayan da za su fara ƙonewa, kuma mu ne kayan da ba a yi wa inshora ba." Ya ce ita ta faɗi haka?

Yaya ta ce, "Na ce ya sake karantawa. Ya sake. Wallahi na manta na iya magana haka. Na ce ni na faɗa, kuma ga kwaɗon can a ƙofa, in ƙarya ne ya tashi mu je mu duba." Ta dube ni. "Ba ki rage ko kalma ɗaya ba. Wannan kam kin iya aikinki."

Na fara kuka a tsakiyar titi, ni da digirina uku. Na ce, "Yaya, shekara goma sha tara."

Ta ce, "Na fi ki sanin adadinsu."

Motarta ta zo. Ta sa ƙafa ɗaya a ciki, ta juyo. "Ban yi miki baki ba, kada ki je kina tunanin haka. Amma kada ki zo gidana tukuna. In na iya ganinki zan neme ki."

Motar ta tashi. Sai da ta sha kwana na ga ledar tana hannuna. Almakashinta ne a ciki, da silifas ɗin da take sawa a wurin aiki, da ɗan matashin da take ɗorawa a kujera saboda bayanta. Ban sani ba ko mantawa ta yi, ko bar mini ta yi. Na ajiye ledar a bakin ƙofa, inda zan iya ɗauka da sauri in ta kira.